Krones da iyalin Kronseder: shin riƙon iyali ne ya raya kamfanin injunan cike kwalabe?

Injiniya_Bashir
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin gyaran injuna a masana'antar lemo, kuma kusan kullum idona yana kan wani ɗan farantin ƙarfe da ke jikin injin da ke cike mana kwalabe yana rufe su, wanda aka rubuta Krones a samansa, sunan garin Neutraubling na Jamus a ƙasansa. Sai a 'yan kwanakin nan na zauna na bi asalin sunan. Ashe Krones gutsure ne daga sunan wani Bajamushe, Hermann Kronseder, wanda ya buɗe ɗan ƙaramin wurin ƙira a 1951 tun bai cika shekara talatin ba. Yau kamfanin yana da ma'aikata kimanin dubu ashirin, cinikinsa na 2024 ya haura Yuro biliyan 5, kuma har yanzu fiye da rabin hannun jarinsa yana hannun zuriyar mutumin. Ni a ganina wannan shi ne sirrin ɗorewarsa: masu abu ba su sake shi ba, domin wanda sunan ubansa ke jikin inji ba zai yarda a ƙera na banza ba. Na ɗauka kuma da injin cikewa ya fara, tunda da shi muka san su. Ina neman ra'ayin masana da ke cikin wannan zaure.

MalamSani_Zariya
Wa alaikumus salam Injiniya. Kafin a shiga batun iyali akwai gyara guda ɗaya mai muhimmanci. Kronseder bai fara da injin cikewa ba, bai kuma fara da na rufe murfi ba. Abin da ya fara ƙerawa shi ne injin manna takarda a jikin kwalba, wanda rabin aikin na inji ne, rabi na mutum: ma'aikaci ya ɗora kwalba da hannunsa, inji ya shafa gam ya manna takardar. Injunan jera kwalabe a kiret da na cikewa sun biyo baya ne, daga shekarun 1960 zuwa na 1970.

Wannan gyaran yana da amfani ga tambayarka. A lokacin da ya fara, sana'ar ƙera injin cikewa tana da iyayen gidanta a Jamus, irin su Holstein & Kappert na birnin Dortmund, wanda aka kafa tun 1868, da Seitz da Enzinger. Saurayi mai 'yan ma'aikata kaɗan ba shi da ƙarfin karawa da su. Sai ya nufi inda aikin ya fi rauni, wato wurin manna takarda, inda ƙananan masana'antu da yawa suke yi da hannu, ya shiga gidan ta ƙaramar ƙofa. Da masu masana'antu suka saba da injinsa, suka saba da makanikansa, sayar musu da injin na biyu da na uku bai yi wuya ba. Saboda haka ni abin da na fi gani a farkon tarihin nan shi ne iya zaɓen wurin farawa, tun ma ba a kai ga maganar magada ba.

Injiniya_Bashir
Na karɓi gyara, Malam, Allah ya ƙara sani. Kuma maganarka ta yi daidai da abin da nake gani a wurin aiki, domin duk layin da ke tsayawa da yawa, idan aka bincika, sau da dama daga injin manna takarda matsalar take tasowa: gam ya yi sanyi ko ya yi kauri, takarda ta sha raɓa ta lanƙwashe, kwalba ta iso a jiƙe. Wanda ya iya shawo kan wannan injin ya cancanci a ba shi amanar sauran.

ƊanDamagaram
Ina zaune a jihar Bavariya shekaru da dama, kuma na sha wucewa ta Neutraubling, wanda yake gabas da Regensburg, tafiyar 'yan mintoci a mota. Ina so in ƙara wani abu da ba ya bayyana a jikin farantin da Injiniya ya ambata. Garin kansa sa'an kamfanin ne. Kafin 1945 wurin filin jiragen saman soja ne, inda kamfanin Messerschmitt yake haɗa jirage, kuma an yi masa ruwan bama-bamai a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin, Jamusawan da aka kora daga gabashin Turai, daga yankuna irin su Sudetenland da Silesiya, suka zauna a cikin kangayen filin suka fara sana'o'i, sai a 1951 aka mai da wurin gari mai cin gashin kansa. Bavariya tana da wasu garuruwan irin wannan, kamar Waldkraiburg da Traunreut da Geretsried.

Ma'anar wannan ita ce Kronseder ya buɗe wurinsa a inda fili yake da sauƙin samu, kuma a tsakiyar mutanen da suka rasa komai sai sana'ar hannunsu, suna neman aiki ido rufe. Ga kuma kasuwa a bakin ƙofa, domin Bavariya ta fi kowace jiha a Jamus yawan masana'antun giya, har yau sun kai kimanin ɗari shida, kuma su ne abokan cinikinsa na farko. Na faɗi wannan ne a matsayin tarihi. Injunan yau suna cike ruwa da lemo da madara da man girki da miya, amma asalin kasuwar can take. Shi kansa mutumin ba ta jami'a ya biyo ba, ta koyon sana'a ya biyo har ya kai matakin gwani mai lasisin koyar da yara, digirin da ake sa masa a gaban suna kuwa na girmamawa ne da aka ba shi daga baya. Idan aka cire wannan muhallin aka bar iyali kaɗai, ban ga yadda labarin zai tsaya ba.

Hajiya_MaiZoɓo
Ku gafarce ni zan ɗan karkata, amma ban fita daga batun murfi ba. Ina sana'ar zoɓo da kunun aya a gorar roba, ina da yara shida da ke taya ni. Bara na sayi ɗan injin rufe murfi mai aiki da iska daga wani ɗan kasuwa, kuma tun daga lokacin kusan kowane kiret sai na samu gora biyu ko uku suna tsiyaya, wasu kuma murfin ya ɗaure har mai saye ya kasa buɗewa. Wanda ya sayar min ya ce laifin yarana ne. Tunda ga injiniyoyi a wuri ɗaya, ina so in fahimci abin da manyan kamfanonin nan suke yi wa murfi da ni ban yi ba.

Injiniya_Bashir
Hajiya, tambayarki ita ce zuciyar sana'ar gaba ɗaya. Rufe murfin roba aiki biyu ne a lokaci guda: danna shi ƙasa da wani nauyi ƙayyadadde, da murɗa shi da wani ƙarfi ƙayyadadde. A manyan injuna, kowane kan rufewa yana da maganaɗisu ko ƙaramin injin lantarki da ke sakin murɗawa da zarar ƙarfin ya kai adadin da aka saita, shi ya sa murfi na farko da na dubu hamsin suke fitowa iri ɗaya. Injin iska irin naki ya dogara da ƙarfin iskar da ke tankin kwamfiresa, idan iska ta cika ya ɗaure fiye da kima, idan ta ragu ya bar murfi sako-sako. Ki sa a ɗaura miki abin daidaita iska kusa da injin.

Sannan ki duba wuyan gorarki. A gorar lemo mai faɗin baki milimita 28 akwai wuya iri biyu da suka fi yawa, tsohon da ake kira PCO 1810 mai tsayi, da sabon da ake kira PCO 1881 mai gajarta, wanda aka fito da shi don rage yawan roba. A ido suna kama da juna, amma zarensu ba ɗaya ba ne. Idan kina sayen gora a wuri ɗaya, murfi a wani wurin, da wuya a ce ba a taɓa haɗa miki su ba.

Wannan ya dawo da ni ga Kronseder. Lemo mai gas ba a zuba shi kamar ruwa. Sai an manne bakin kwalba da bawul, an cika cikinta da gas har ƙarfinsa ya yi daidai da na tankin, sannan lemon ya gangara ta jikin kwalbar a hankali ba tare da kumfa ba, a sauke ƙarfin sannu, a miƙa ta ga murfi. Duk daƙiƙar da kwalba ta yi a buɗe tsakanin cikewa da rufewa asara ce, gas yana fita, iska da ƙura suna shiga. A tsakiyar shekarun 1970 Krones ya fito da tsarin da ya kira Bloc, inda aka haɗe injin cikewa da na rufewa da na manna takarda wuri guda, kwalba tana wucewa daga wannan zuwa wancan ta ƙafafun taurari masu juyawa a maimakon dogon bel. A layin da ke fitar da kwalba 36,000 a awa, wato goma a kowace daƙiƙa, wannan gajarta hanyar ba ƙaramin abu ba ne.

Tarihi_Gaya
Tunda an taɓo murfi, ya kamata a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Murfin ƙarfe mai haƙora da muke ɓallewa a kwalbar lemo ba Bajamushe ne ya ƙirƙiro shi ba. William Painter ne, a birnin Baltimore na Amurka, ya yi masa rajista a 1892, ya kuma kafa kamfanin Crown Cork and Seal. Na farko yana da haƙora 24, na yau 21. Hikimar Painter ita ce ya yi abu mai araha da za a yi amfani da shi sau ɗaya a yar, sannan ya ƙera injin da ke matse shi, domin murfin ba shi da amfani sai da injin. Duk wanda ya zo bayansa a wannan sana'a, har da Kronseder, ya tarar da bakin kwalba da murfinta an riga an daidaita musu awo, kuma wannan daidaiton ne ya sa aka iya ƙera inji a Bavariya ya yi aiki a Kano ko Kumasi ba tare da an sake kwalabe ba.

Akanta_Maryam
Ina so in mai da mu kan da'awar Injiniya, domin ina ganin kalmar iyali tana ɓoye abubuwa da yawa. A 1980, yana da ransa da ƙarfinsa, Hermann Kronseder ya mai da kamfanin na hannun jari, aka koma kiransa Krones AG, kuma a 1984 aka fara sayar da hannayen jarinsa a kasuwa. Tun daga ranar dole ne ya buɗe littattafansa ga masu bincike na waje, ya wallafa riba da asara kowace shekara, kuma kuɗin kamfani ya rabu da aljihun mai gida.

A tsarin Jamus irin wannan kamfani yana da majalisa biyu, ta masu gudanarwa da ta masu sa ido, kuma mutum ɗaya ba ya zama a duka biyun a lokaci guda. Majalisar sa ido ce ke naɗa masu gudanarwa tana kuma iya sauke su, sannan dokar 1976 ta ce a kamfanin da ma'aikatansa suka wuce 2,000, rabin kujerun wannan majalisa na wakilan ma'aikata ne. Ɗansa Volker Kronseder ya karɓi shugabancin gudanarwa a 1996, uban ya rasu a 2010, ɗan ya ci gaba har ƙarshen 2015. A farkon 2016 aka naɗa Christoph Klenk, wanda ba ɗan gidan ba ne, ma'aikaci ne da ya daɗe a kamfanin, Volker kuma ya koma shugabancin majalisar sa ido. Hannun jarin iyalin, wanda ya ɗan haura rabi, an tattara shi ƙarƙashin yarjejeniya guda domin su riƙa jefa ƙuri'a da murya ɗaya.

To wane ne ya raya kamfanin a nan? Ni dai a karatuna, iyalin sun riƙe mallaka ne ta hanyar yarda a ɗaure musu hannu. Wannan ya bambanta ƙwarai da abin da muka saba nufi idan muka ce kamfanin gidan wane.

Dattijo_Fagge
'Yata Maryam, Allah ya yi miki albarka, kin taɓa inda yake min ciwo. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana masana'antar man gyaɗa mai injin matsa biyu da layin cike galan, mu goma sha huɗu. Ba a yi shekara biyu ba aka sayar da injin ɗaya domin a sallami waɗanda suka ce a ba su rabonsu, daga nan janareta ya bi, daga ƙarshe filin. Ba wanda ya ci amanar wani a cikinmu, kowa haƙƙinsa ya nema, amma inji ba gona ba ne da za a ja igiya a raba. Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, mu kuwa mun gaji ƙarafa ne muka sayar a kilo. Da na karanta cewa Bajamushen nan ya tsara wannan al'amari shekara talatin kafin rasuwarsa, sai na yi shiru na daɗe.

MalamSani_Zariya
Allah ya jiƙan mahaifi, Baba. Abin lura shi ne rabon gado bai wajabta wargaza masana'anta ba. Abin da aka wajabta shi ne kowane magaji ya samu kasonsa. Idan masana'anta tana da rajista kuma an kasa ta hannun jari, ana iya ba kowa adadin da ya dace da rabonsa, wanda yake buƙatar kuɗi ya sayar wa 'yan'uwansa, inji kuma ya ci gaba da juyawa. Matsalar da aka fi samu ita ce mai gida ya rasu masana'antar tana cikin sunansa, babu littafin da ya raba bashinta da nasa, babu kuma wanda ya san ƙimarta.

Shakka_Ce
Ina girmama dattawa, amma ina ganin muna ɗaukar kamfani ɗaya da ya yi nasara muna neman dalili daga baya. Mu dubi abokan gasarsa. Holstein & Kappert da Malam Sani ya ambata ya daɗe da fita daga hannun waɗanda suka kafa shi. A 1993 aka haɗe shi da Seitz Enzinger Noll aka samu KHS, wanda yau mallakar kamfanin ƙarfe na Salzgitter ne, kuma yana nan a Dortmund yana ƙera injunan cikewa da ake ji da su, ya haura shekara 150. Sidel na Faransa, wanda ya yi suna a injin hura gorar roba, ya koma hannun Tetra Laval a 2003, kuma shi ma yana nan. Idan riƙon iyalin wanda ya kafa shi ne sharaɗi, da waɗannan biyun sun mutu. Kuma riƙon iyali bai hana Krones shan wuya ba: a 2020 cinikinsa ya faɗo daga kusan Yuro biliyan 4 zuwa kimanin biliyan 3.3, ya yi asara, ya rage ma'aikata kamar kowa.

Akanta_Maryam
Hujjarka mai ƙarfi ce, sai dai misalin Sidel yana da baki biyu, domin Tetra Laval ɗin kansa mallakar iyalin Rausing ne, waɗanda suka kafa Tetra Pak a Suwidin. Ka ga ke nan a cikin manyan uku, biyu suna ƙarƙashin iyalai ta wata fuska. Abin da nake zato shi ne sana'ar ce take son mai haƙuri. Layin cike kwalabe yana iya aiki shekara ashirin ko fiye, sabon inji yana cin shekaru kafin ya mai da kuɗin bincikensa, kuma mai jarin da ke son riba kowane wata uku ba zai jure wannan ba. Ko iyali ne, ko kamfanin ƙarfe, abin da ake buƙata shi ne babban mai jari da ba ya gaggawa.

Shakka_Ce
Idan haka ne, mun bar da'awar Injiniya mun koma wata daban, kuma wannan sabuwar na fi yarda da ita.

Injiniya_Bashir
Ban janye gaba ɗaya ba tukuna. Ku dubi yadda kamfanin ya faɗaɗa, za ku ga hannun gida ɗaya mai bin kwalba daga farkonta zuwa ƙarshenta. A 1966, shekara goma sha biyar kacal da farawa, ya buɗe reshe a jihar Wisconsin ta Amurka. A shekarun 1980 ya sayi hannun jari a Steinecker na garin Freising masu ƙera tukwanen dafa abin sha, a 1988 ya sayi Zierk na Flensburg masu injin wanke kwalabe, a 1998 ya sayi Kettner na Rosenheim masu injunan jerawa da ɗaurewa, a 2000 kuma Sander Hansen na Denmak masu injin dumama abin sha don kashe ƙwayoyin cuta. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fita daga layin kwalba. Bai sayi banki ba, bai shiga gine-gine ba. Kamfanin da shugabanninsa ke sauyawa kowace shekara biyar da wuya ya riƙe hanya ɗaya tsawon rabin ƙarni.

Babban gwajin kuwa shi ne zuwan roba. Nathaniel Wyeth na kamfanin DuPont ya yi rajistar gorar roba irin ta PET mai jure gas a 1973, kuma a hankali ta ƙwace kasuwar ruwa da lemo daga gilashi. Krones ɗan gilashi ne tun asali, Sidel ya riga shi nisa a wannan fanni, sai a 1997 ya fito da injinsa na hura gora mai suna Contiform, wanda ke ɗaukar ɗan bututun roba da muke kira firifom, ya gasa shi, ya miƙe shi da sanda, ya hura shi da iska mai ƙarfi a cikin ramin ƙarfe mai siffar gora. Daga baya aka haɗe wannan injin da na manna takarda da na cikewa da na rufewa a Bloc ɗaya, wato tunanin uban na shekarun 1970 aka ɗora a kan sabon kaya. A 2024 suka sayi Netstal na Suwizalan, masu injunan da ke ƙera firifom ɗin da murfin kansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma lokacin Contiform ɗan ne a kan kujera.

Makanike_Maradi
Ni ba masanin tarihi ba ne, amma na yi shekara tara a masana'antar ruwan gora. Mai gidana na farko ya sayo layi mai araha daga wani kamfanin da ba mu taɓa ganin wakilinsa ba. Wata bakwai yana aiki lafiya, sai wani ɗan ƙarfe a kan rufe murfi ya karye, wanda bai fi tsawon yatsa ba. Babu littafin da ke nuna lambarsa, wanda muka rubuta wa bai amsa ba, muka kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya kwaikwaya sau uku bai zauna ba, layi ya kwana goma sha tara a tsaye a tsakiyar bazara. Araha ba ta ado. Abin da mai masana'anta yake saya a wurin tsohon kamfani shi ne tabbacin cewa bayan shekara goma sha biyar zai faɗi lambar inji a turo masa kayan gyara. Krones da KHS duka suna da ofishi a Legas saboda wannan aikin. Tsadar kayan kuwa, musamman ga wanda ke sayar da ruwa da naira yana sayen bawul da Yuro, wannan wani karatu ne daban. Mu da ke amfani da sefa mun ɗan fi samun sauƙin lissafi tunda kuɗinmu a ɗaure yake da Yuro.

Tarihi_Gaya
Wani abin sha'awa ga masu bin shekaru shi ne a 1951 ɗin nan da Kronseder ya fara, a ita ce aka kafa Nigerian Bottling Company a Legas ƙarƙashin A. G. Leventis, wanda shi ma kasuwancin iyali ne, kuma shi ne mai masana'antar Coca-Cola da ke Challawa a Kano. Seven-Up na iyalin El-Khalil ya fara aiki ranar 1 ga Oktoban 1960. Wato a ɓangaren masu cikewa ma iyalai ne suka kafa manyan, sai dai mu mun tsaya a sayen injin, ƙera shi yana can.

ƊanDamagaram
Dalilin da ya sa ƙerawar take can yana da alaƙa da abin da na fara faɗa. Yaro a Bavariya yana gama makaranta yana da shekara goma sha shida ya shiga koyon sana'a na shekara uku ko uku da rabi, wasu kwanaki a masana'anta wasu a aji, ana biyansa, ya fito da takardar da kowane kamfani ya yarda da ita. Krones yana ɗaukar irin waɗannan yara kowace shekara a Neutraubling da Nittenau da Rosenheim da sauran masana'antunsa. Na san gidajen da kaka da uba da jika duk a masana'anta ɗaya suka yi aiki. Idan za a yi maganar iyali, Injiniya, to a haɗa da waɗannan iyalan na ma'aikata, domin ilimin yadda ake saita bawul ɗari da ashirin su cika kwalba daidai da juna ba a cikin takardar hannun jari yake ba.

Akanta_Maryam
Wannan ya sake kawo mu kan kujerun ma'aikata a majalisar sa ido, waɗanda suka sa iyalin ba za su iya yanke babban hukunci su kaɗai a falo ba. Amma na lura har yanzu Injiniya da Shakka_Ce ba su amsa wa juna kai tsaye ba game da KHS, wanda shi ma ya tsaya a layin kwalba ba tare da iyalin da suka kafa shi ba.

Shakka_Ce
Haka ne, kuma ina jiran amsar. Zan ƙara da cewa gwajin gaskiya na Krones bai zo ba tukuna, domin daga uba zuwa ɗa mataki ɗaya ne kawai. Sai hannun jarin ya watsu tsakanin jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda ba su taɓa jin warin gam ba, sannan za a ga ko yarjejeniyar da Hajiya Maryam ta ambata za ta riƙe su.

Hajiya_MaiZoɓo
Injiniya, na bi shawararka na zazzage buhun murfin da na saya a makon jiya, na jera su a tire. Iri biyu ne a cikin buhu ɗaya, wasu dogaye wasu gajeru, kuma gorunan da nake da su duk masu gajeren wuya ne. Na ware dogayen, na rufe gora sittin da gajerun, na kifa su tun safe, babu wadda ta tsiyaya. Abin daidaita iskar kuma sai ranar Litinin mai gyaran zai kawo. Ina da ƙarin tambaya: ɗana da ke karatu a Turai ya ce min yanzu murfin gorar ruwa a can ba ya rabuwa da gorar idan an buɗe. Shin wannan sabon inji yake buƙata?

Injiniya_Bashir
Madalla, Hajiya, ashe yaranki ba su da laifi. Abin da ɗanki ya gani doka ce ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Yulin 2024, wadda ta ce murfin roba na gorar abin sha da ba ta wuce lita uku ba dole ya kasance a maƙale da gorar, domin a rage waɗanda ake yarwa. Galibi ba a sauya injin gaba ɗaya, ana sauya bakin da ke kama murfin, da hanyar da murafe ke gangarowa, a sake saita ƙarfin murɗawa da kyamarar da ke duba kowace gora. Shakka_Ce, ban manta da batun KHS ba. Yanzu an kira ni, injin manna takarda na layi na biyu ya tsaya, idan na dawo daga aikin dare zan amsa maka.